Masarar Filin Ƙwallo

A Mahuta, in baƙo ya tambayi gidan Dattijo Adam, gonarsa ake nuna masa, don can zai same shi. Manomi ne ɗan manomi. Mahaifinsa na cikin mutanen farko da suka bi 'yan mishan a wannan yanki, shi kuma ya gaji kujerar dattijo a coci, ya gaji gona, ya gaji ciwon baya. Ciwon bayan ne ya sa ya yanke hukunci tun Sulemanu, ɗansa na uku, yana rarrafe: wannan ɗaya dai ba zai duƙa ba, alƙalami zai riƙe.

Ba a nemi shawarar Sulemanu ba. Yaron ya tashi da son ƙasa kamar an jiƙa masa ita ya sha. In an tashi daga makaranta, maimakon gida, sai a tsince shi a gona yana cirar ciyawa. Uban ya kore shi daga tasu, ya koma ta wani Alhaji da suke iyaka da shi. Uban ya bi shi can ya koro shi, Alhajin ya yi fushi, har aka ɗan jima ba sa gaisawa. Da Sulemanu ya shiga sakandaren kwana, Dattijo Adam ya ƙirƙiro wata al'ada. Duk hutu, kafin yaron ya ajiye akwati, sai ya ce, "Miƙo hannun." Ya murza tafin da babban yatsa, ya juya shi, ya ƙura masa ido. Takardar sakamako ba ta cika damunsa ba. A wurinsa ilimi a tafin hannu yake nunawa: in ya yi laushi an yi karatu, in akwai kanta an yi wasa.

Da turawa da addu'a, Sulemanu ya kai shekarar ƙarshe a wata kwalejin horar da malamai da ke bakin titin Funtua zuwa Malumfashi, gaba kaɗan da Bakori. Ba daƙiƙi ba ne. Yana cin jarrabawa daidai gwargwado, ba ya faɗa da kowa, shi ne kuma wanda 'yan ɗakinsu ke tasa in kunama ta shigo. Abin da ya rage masa kundin kammala karatu ne kawai. Malama Angela, wadda aka ba ta duba aikinsa, ta ga an rubuta Mahuta a gaban sunansa, ta ce ga wanda ya dace, ta ba shi batu: dalilan da ke sa matasan yau gudun noma. Za a miƙa da zarar an dawo daga dogon hutu.

Dogon hutun kuwa ya zo daidai da saukar damina. Ana gobe za a tashi, Rahab, ƙanwarsa, ta kira shi, ta ce ga Baba.

"Ba za ka zo gida ba," in ji Dattijo Adam. "In ka zo, na san inda za ka riƙa wuni. Ka zauna nan inda babu gona, ka rubuta abin da aka ce ka rubuta."

"Baba, kowa tafiya zai yi. Ni kaɗai zan rage."

"Madalla. Babu mai hana ka karatu ke nan."

Inna Hansai, mahaifiyarsa, ta yi nata shirin. Washegari dai ɗan acaba ya sauke masa rabin buhun masara daga rumbun gida, da kuka, da daddawa, da kwalbar man gyaɗa, da saƙon cewa ya riƙa niƙawa yana tuƙa tuwo, kada ya zauna da yunwa. Ofishin kula da ɗalibai ya ba shi izini da mabuɗin ɗaki. Aka yi ta jan akwatuna, ana kiran sunaye, motocin Funtua da na Malumfashi suka kwashi mutane. Kafin la'asar kwalejin ta yi tsit, har yana jin ƙarar takun kansa a baranda.

Ranar farko ya yi shiri mai kyau. Ya jawo tebur bakin taga, ya jera takardu, ya rubuta taken kundin da manyan baƙaƙe, ya ja masa layi biyu. A ƙasa ya rubuta: "Noma tsohuwar sana'a ce." Ya karanta, ya ga babu ƙarya a ciki. Ya zauna yana jiran jimla ta biyu. Ba ta zo ba.

Sulemanu bai taɓa zama shi kaɗai ba tun da aka haife shi. A gida kwano ɗaya hannu biyar. A makaranta ɗaki ɗaya gadaje goma sha wani abu, wannan na minshari, wancan na rera waƙa. Yanzu ya tuƙa tuwo, ya zauna, ya ci gefensa na kwanon, ya tsaya. Sai da ya wanke hannu ya lura ya bar wa mutanen da babu su rabonsu. In zai shiga ɗaki sai ya yi sallama, ya ɗan saurara. Ya fara sauya gado, yau na wannan gobe na wancan, ko ɗakin ya ji kamar da mutane. Akwai wani jan gwada da ke fitowa kan katangar famfo kowace hantsi yana gyaɗa kai. Sulemanu ya fara yi masa barka da hantsi, kuma ya ji haushi ranar da bai fito ba.

Da katin wayarsa ya ƙare, sai ya gano lambar kamfanin waya kyauta ce. Ya riƙa kira yana sauraron matar nan mai cewa a danna ɗaya don Hausa. Wata rana ya daure har aka haɗa shi da mutum na gaske.

"Barka da rana, mece ce matsalarka?" in ji muryar.

"Babu matsala. Ya aiki?"

"Lafiya ƙalau. Da me zan taimaka maka?"

"An yi ruwa a wajenku kuwa?"

Mutumin ya ce an ɗan yi yayyafi, ya gode masa da kira, ya kashe. Sulemanu ya yini yana jin daɗin wannan hira.

Ɗan Adam ɗaya da ya rage a kwalejin shi ne Baba Mudi mai gadin ƙofa, tsoho mai farin gemu daga wani ƙauye a bayan makarantar. Baba Mudi ba mai magana ba ne. Ina kwana, lafiya, ya gajiya, babu, daga nan sai ya mai da kunne kan rediyonsa. Ran Lahadi Sulemanu kan taka zuwa wata ƙaramar coci a ƙauyen gaba, ya riga kowa zuwa, ya zauna bayan an tashi har mai shara ta roƙe shi ya ɗaga ƙafa. Sauran ranakun mako kuwa shi da jimlarsa ne, suna kallon juna.

Tagar da ya ajiye tebur a bakinta tana fuskantar filin ƙwallo. Tun shekararsa ta farko Sulemanu ya san filin nan ba ƙaramar ƙasa ba ce. Da rani, in ɗalibai sun tafi hutu, makiyaya kan kwantar da shanunsu a wurin, shekara da shekaru, ba wanda ya ba su izini ba wanda ya hana su. Ƙasar ta yi baƙi wuluk. In ana wasa, kowa na bin ƙwallo da ido, shi yana kallon abin da takalman 'yan wasa ke tonowa.

Wata safiya ya tashi ya tarar an kwana ana ruwa. Ƙamshin ƙasa ya cika ɗakin. Ya zauna a tebur, ya tashi, ya rufe tagar, ya koma, ƙamshin ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa. Sai ya je wurin Baba Mudi ya ari fartanya, ya ce zai share ciyawar bayan ɗaki saboda macizai. Gaskiya ya faɗa, ya kuma share. Sai dai ciyawa ba ta da iyaka a rubuce, kuma ta bayan ɗaki ta haɗe da ta fili. Kafin rana ta take ya ga kansa a kusurwar da ake bugun kwana. Ya ce bari ya tada kunya ɗaya, don bayansa ya miƙe. Kunya ɗaya ita kaɗai ba ta da kyan gani, ya yi mata 'yar'uwa. Da yamma ya tsaya yana kallon kunyoyi tsirara, ya ji kamar ya bar aiki rabi. Ya shiga ɗaki ya ɗebo masarar tuwonsa a hula.

Yana shukawa yana gaya wa kansa cewa ai wannan ma cikin aikin ne. Mutum ba zai rubuta dalilin gudun abu ba sai ya tsaya kusa da abin ya ga me ake gudu.

Bayan 'yan kwanaki Baba Mudi ya zo neman fartanyarsa. Ya tsaya a bakin fili, hannu a baya, ya daɗe yana kallo.

"Malam Sule, wannan fa?"

"Bincike ne, Baba."

"Na makaranta?"

"Yana da alaƙa da kundina."

Baba Mudi ya daɗe a wannan ƙofa. Ya ga ɗalibai suna auna inuwar bishiya, ya ga suna kama fara suna sawa a kwalba suna rubuta mata suna. Ya daina tambayar 'yan boko dalili tuntuni. Abin da ya dame shi daban ne.

"In na makaranta ne, da hannu ba za ka gama ba kafin shuka ta wuce. Gobe zan kawo shanu."

Ya kawo bijimansa biyu da garma. Sulemanu ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ga yadda bakin garmar ya shiga ƙasar, ta kife tana sheƙi, ya rufe bakinsa ya kama igiya. Suka huɗe filin daga wannan raga zuwa waccan. Da'irar tsakiya ce kawai Sulemanu ya ce a bari, da ɗan gaban kowace raga inda mai tsaron gida ke tsayawa, don kada a ce ya raina wasan mutane. Daga baya ya ga wurin ya zauna banza, ya shuka kabewa a gindin turakun raga, ya bi layin gefe da kuɓewa.

A wurin noman farko ne ya gano Baba Mudi na da baki. Ashe tsohon ba ya iya hira a zaune ne. Da ya duƙa, sai labari ya ɓalle: zamanin da yake dako a masana'antar gurzar auduga a Funtua, matarsa ta fari da ta rasu, ɗansa da ya tafi Legas ba ya kira sai da Sallah. Sulemanu ya ba shi nasa. In azahar ta yi, tsohon ya je ya yi salla, Sulemanu ya tsare masa ƙofa, su dawo su ci tuwo a inuwar raga, kwano ɗaya. Ya daina kiran kamfanin waya. Jan gwadan ma ya manta da shi.

Wani lokaci Rahab kan kira ta miƙa wa Baba.

"Kana aiki kuwa?"

"Tun da asuba nake kai, Baba."

"Ya kai ina?"

"Na wuce rabi."

"Layukan na tafiya daidai? Ban son aikin da ya karkace."

"A miƙe suke sambal."

"To, Allah ya yi albarka."

Sulemanu bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba, amma in ya ajiye wayar sai ya dubi tafin hannunsa. Ya sayi man kaɗe yana shafa wa tafin hannu safe da yamma. Kantar ta sha mai, ta yi ƙyalli, ta zauna daram. Yakan koma tebur da niyya ta gaskiya, ya ɗauki biro, sai ya hango wata ciyawa ta ɗago kai a layi na can, ya ce bari ya cire ta ya dawo.

Masarar kuwa ta yi abin da ba a taɓa gani ba a wannan hanya. Ta yi kore shar har tana neman komawa baƙi, ta wuce tsayin mutum, ta yi goyo manya-manya. Daga titi ana hango ta. Direbobin bas suka fara rage gudu in sun zo daidai wurin, fasinjoji na leƙowa. Ran kasuwar Bakori maganar ta shiga rumfunan hatsi. Wani ya ce sabon iri ne aka kawo daga ƙasar waje ana gwadawa a ɓoye. Wani ya ce ya ji ba ta buƙatar taki. Wani ya rantse ƙanin matarsa ya ƙirga goyo huɗu a kara ɗaya. Manoma suka fara zuwa ƙofar kwaleji a kan babura. Baba Mudi ya tare su da sandarsa.

"Bincike ne. Ba a shiga."

Wannan ya ƙara wa maganar kuzari. Ta bi ta Funtua, ta nufi Dandume, ta sauka a Mahuta.

Da aka dawo hutu, ɗalibai suka tarar da gona a bayan ɗakin kwana, sandunan saman raga biyu kaɗai ke leƙowa, kabewa na reto a jikinsu. Malam Almustapha, mai horar da 'yan ƙwallo, ya fito da usur a wuya. Ya zagaya gonar, ya koma bakin ɗakin kwana ya sake auno hanya, ko shi ne ya ɓata. Daga nan ya kutsa cikin masarar, aka daina ganinsa. Can aka jiyo usur daga tsakiya. Ya samu da'irar, a share tsaf, ya tsaya a cikinta shi kaɗai.

Shugaban kwaleji, Dakta Mahadi, ya zaci aikin sashen koyar da noma ne, ya tura musu yabo. Su kuma suka zaci dabarar shugaba ce, suka zo a ƙungiya suna yi masa jinjina. An kusa mako ana gode wa juna, kafin Malam Almustapha ya je ya tambayi mai gadi. Baba Mudi ya nuna Sulemanu da alfahari, ya ƙara da cewa shanun nasa ne, in za a rubuta.

Aka kafa kwamiti: Dakta Mahadi, da Malama Angela, da Malam Almustapha. Aka tsai da Sulemanu a gabansu. Matsala ta farko ita ce laifin da za a ce ya yi. An duba dokokin ɗalibai daga farko har ƙarshe. An hana faɗa, an hana satar amsa, an hana kiwon kaji a ɗaki, amma ba wanda ya yi tunanin hana shuka. Abin da aka samu mai kama da batun doka ɗaya ce, wadda ta haramta sare duk wani tsiro a harabar kwaleji. Malam Almustapha, wanda ya riga ya ari adduna, ya nemi a sake karanta masa ita. Aka sake. Ya jingina da kujera. A kan tebur akwai faranti cike da gasasshiyar masara, wadda Baba Mudi ya kawo a matsayin shaida, kuma shaidar tana raguwa.

A daidai wannan lokaci Dattijo Adam ya sauka daga babur a bakin ƙofa, cikin babbar rigar da yake sawa ran Lahadi. Ya zo roƙon iri ne, ko mudu ɗaya, yana ganin tunda yana da ɗa a makarantar ba za a hana shi ba. Baba Mudi ya ga dattijo mai kamala, ya bar shi ya matsa kusa da masarar. Dattijo Adam ya ɓare goyo ɗaya, ya danna ƙwayar da farce, ya girgiza kai.

"Wannan ba irin ƙasar nan ba ne," ya ce. "Shekara sittin ina noma, ban taɓa riƙe irinsa ba. Ina mai binciken?"

"Yana ciki da manya. Zo in kai ka."

Dattijo Adam ya yi sallama ya shiga, ya cire hula, ya rusuna wa Dakta Mahadi. Bai ma dubi wanda ke tsaye a gefe ba.

"Ranka ya daɗe, daga Mahuta nake. Iri na zo roƙo, na masarar nan taku ta waje."

Dakta Mahadi ya haɗiye abin da ke bakinsa, ya nuna gefe da totuwa. "Sai ka tambayi mai ita, Baba."

Dattijo Adam ya juya. Uba da ɗa suka kalli juna.

"Miƙo hannun," in ji uban.

Sulemanu ya miƙa. Babban yatsan bai yi nisa ba ya tsaya. Tsohon ya saki hannun a hankali.

"Ina ka samo irin?"

"Wanda Inna ta aiko a yi tuwo ne."

"Daga rumbuna?"

"Daga rumbunka, Baba."

Dattijo Adam ya dubi goyon da ke hannunsa, ya juya shi, kamar mai kallon ɗansa da ya dawo daga aikin soja bai gane shi ba. Kowa na jiran faɗa. Leɓɓansa suka yi motsi.

"Wace tazara ka bari tsakanin rami da rami?"

Sulemanu ya nuna da hannu.

"Ƙwaya nawa a rami?"

"Biyu."

"Biyu," in ji tsohon, yana gyaɗa kai. Sai ya tuna fushi yake yi, ya murtuke fuska, ya nemi kujera ya zauna ba tare da an ba shi ba.

Malama Angela ta ce tunda an ce bincike ne, a ba ta kundin ta gani. Sulemanu ya ciro takarda ɗaya daga aljihu, ya warware. Ta karanta a fili: "Noma tsohuwar sana'a ce." Ta juya bayan takardar, ta dawo gaba.

"Shi ke nan?"

"Na ja wa taken layi biyu, Malama."

"Na ce ka nemo dalilan da ke sa matasa gudun noma."

"Na nema, Malama. Hutun nan gaba ɗaya ina ciki. Ban samu ko ɗaya ba."

Dakta Mahadi ya yi tari ya rufe baki da hannu. Daga baya ya tambayi Sulemanu, ba da faɗa ba, me ya kai shi.

"Ranka ya daɗe, shirun ne ya yi mini yawa," in ji Sulemanu. "In na zauna a tebur sai in ji kamar an manta da ni a duniya. In na duƙa kuwa, yini ya wuce ban sani ba."

Wannan karon babu wanda ya yi tari. Dattijo Adam yana kallon ƙasa.

Hukuncin da aka yanke shi ne masara ta zauna har ta bushe, tunda doka ta kare ta. Sulemanu zai girbe, ya baje kunyoyin, ya mai da fili yadda ya same shi. Hatsin za a ba Baba Mudi rabonsa, sauran a kai kicin ɗin ɗalibai. Kundi kuwa sai zango na gaba, abokan karatunsa za su fita su bar shi. Ƙungiyar ƙwallo za ta buga duk wasanninta a waje. Malam Almustapha ya koma horar da yaransa a cikin kwarin kunyoyi, a shiga ta nan a ɓullo ta can, shi yana bin motsin ganye da usur. Sun sha kashi a duk inda suka je, kamar kowace shekara, amma bana da aka tambaye shi dalili yana da abin faɗa.

Dattijo Adam ya tafi ran nan bai yi wa ɗansa sallama ba, aljihun babbar rigarsa a kumbure. Bai ƙara kira ba. Sai ranar da aka sa za a fara girbi, da sassafe, aka ga motar akori-kura ta tsaya a ƙofa, ya diro da mutanen Mahuta, maza da lauje da adduna, mata da kwanduna, Inna Hansai da tukunyar kunu. Ya gaya wa Baba Mudi ba taimako ya zo yi ba, so yake a gama da wuri yaro ya koma kan littafi. Ɗalibai suka ga ana waƙa, suka tuɓe takalma suka shiga. Sulemanu yana tsakiyar mutane, wannan ya kira shi, waccan ta tambaye shi buhu. Uban na biye da shi yana gyara masa yadda yake jingine kara, ko da yake babu abin gyarawa.

Kundin a gida aka rubuta shi, hutun Kirsimeti, a tsakar gida, kan kujerar tsuguno, ana daka a gefensa, yara na tsallake ƙafafunsa, Rahab da ƙawayenta na koyon waƙoƙin coci da ƙarfi. Nan biro ya yi ta gudu. Yayyensa biyu sun dawo hutu daga Kaduna, inda ɗaya ke tuƙa keke mai ƙafa uku ɗaya ke gadin shago, suka ba shi dalilai har ya ce su dakata ya rubuta. Wata yamma uban ya jawo kujera ya zauna kusa da shi.

"Rubuta," ya ce. Ya faɗi tsadar taki. Ya faɗi shekarar da ruwa ya ɗauke ana tsakiyar goyo. Ya faɗi gonakin nesa da aka bari saboda tsoron masu ɗaukar mutane, da yadda hatsi ke faɗuwa daidai lokacin da manomi ya kai nasa kasuwa. Ya faɗi yadda mahaifinsa ya ƙare a duƙe, ko a coci ba ya iya miƙewa a yi waƙa. Babi na uku kusan duk bakinsa ne. Malama Angela ta ba kundin maki matsakaici, ta rubuta a gefe cewa babi na uku ya fi sauran rai.

Yau Malam Sulemanu yana koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare kusa da Dandume, yana kuma noma wata 'yar gona da uban ya yanka masa da sharaɗin sai bayan an tashi daga makaranta. Da aka turo shi, hedimasta ya ba shi gidan malami a bayan azuzuwa, ɗaki biyu, shiru, babu maƙwabci. Ya je ya duba, ya yi godiya, ya mai da mabuɗi. Ya kama ɗaki a bakin tasha, a gidan wani mai walda mai 'ya'ya da yawa. Nan yake duba littattafan yara da yamma, a kan benci, ana buga ƙarfe, ana kiran fasinjan Funtua, ƙaramar 'yar mai gidan na zaune a gefensa tana riƙe masa murfin jan biro.